Takardar Gwajin Alisabatu

Majidaɗi, Jalingo
9 ga Maris, 1998

Zuwa ga Hamma Njidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Adda Hamna da yara. Yaya Kaduna, yaya shagon gyaran kwamfuta? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ƙafar mahaifiyarmu Dada ta yi sauƙi, har ta fara zuwa kasuwa da kanta.

Hamma, an dakatar da ni daga aiki tun ranar Alhamis. Dada ba ta sani ba, na ce mata hutu aka ba ni. Kai kaɗai nake gaya wa, domin kai ka koya mini kwamfuta, kai kuma ka kai ni asibitin Dokta Yuguda ka ce za ka tsaya mini.

Ka san yadda aikin yake. Oga Manga na ɗakin gwaji yana rubuta sakamakon jini a babban littafinsa, ni in shigar da suna da sakamako a kwamfuta, ƙaramar firintar nan ta fitar da 'yar takarda, Dokta ya sa hannu. Wata goma sha huɗu ina wannan aiki ba a taɓa kirana ofis ba.

Ka tuna Alisabatu, 'yar Baba Tobias na unguwar Kachalla Sembe, wadda muka yi sakandare tare, mai kawo mana gyaɗa? Za ta auri wani malamin firamare mai suna Job. Cocinsu ba ya ɗaura aure sai an kawo gwajin sikila, don idan ango da amarya duka AS ne, ana tsoron su haifi mai ciwon. A watan Janairu suka zo wurinmu. Job ya fito AS, ya ce da ma ya sani. Takardar Alisabatu ita ma ta fito AS. Da hannuna na miƙa mata a ambulan. Coci ya tsayar da auren, dangin Job suka janye, ta yi kusan wata ɗaya ba ta fita daga gida.

Sai gwaggonta, wadda take aikin jinya a Yola, ta ce ba ta yarda ba, ta kai ta can aka sake gwaji. AA ya fito. Suka dawo da takardu biyu suka ajiye a teburin Dokta. Oga Manga ya buɗe littafinsa, AA ya rubuta. Dokta ya duba kwamfuta, ita ma AA take nunawa. Takardar da na buga ce kaɗai ta ce AS.

Dokta ya ce ko dai na yi kuskure na koma na gyara a ɓoye, ko kuma wani ya sa ni. Na rantse ban taɓa komai ba. Oga Manga ya zauna a kujerata ya shigar da sunanta da kansa, ya buga, takarda ta fito AA tas. Dokta ya ce to ga shi, na'ura lafiyarta ƙalau. Gwaggon ta kalle ni ta ce ko dangin Job ne suka biyo ta wurina. Alisabatu ba ta ma ɗaga kai ba.

Ni yanzu ban san abin da zan gaskata ba. Na tuna sarai na danna A sau biyu. Amma kullum in na sake tunawa sai in ga kamar yatsana ya zame, tunda S tana maƙwabtaka da A a madannan kwamfuta. To in ya zame, wa ya gyara a cikin kwamfutar? Ko mutum yana iya yin abu ya manta gaba ɗaya?

Ka taimake ni da shawara. Ka ba direban motar Kaduna amsa, ya san gidanmu.

Ni ce ƙanwarka,
Hanifa


Majidaɗi, Jalingo
23 ga Maris, 1998

Hamma Njidda,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Adda da yara. Takardarka ta iso ranar Asabar, na gode ƙwarai. Na karanta ta sau huɗu, kuma gaskiya ta ƙara rikita ni.

Ka rubuta cewa kana zargin direba. Na yi kwana biyu ina tunanin me direban Dokta zai nema a ɗakin kwamfuta, dattijon da ko agogon hannu sai an duba masa. Har na kusa zuwa in tambaye shi. Sai da na juya bayan takardar na ga inda ka ƙara cewa direban firinta kake nufi, wani shiri ne da ke cikin kwamfuta mai kai saƙo daga gare ta zuwa firinta. Da ka sa wannan a gaba, da ban yi wa bawan Allah mummunan zato ba.

Ga amsar tambayoyinka, ko da yake ban ga inda suka dosa ba.

Sunan da na shigar shi ne ALISABATU MURNA TOBIAS. Yawanci suna biyu nake sawa, amma ita ta roƙe ni in sa ukun, don ya dace da na takardar baftisma da ke coci. Na ƙirga kamar yadda ka ce, har da filin da ke tsakanin kalmomi, ashirin da biyu ne. Na je wurin Oga Manga na tambaye shi me shi ya shigar ranar da ya zauna a kujerata. Ya yi mamaki, ya ce Alisabatu Tobias kawai.

Ka tambayi yadda sunan ya fito a takardar. Ba ta hannuna, tana aljihun teburin Dokta. Amma na tuna firintar nan tana yanke dogon suna, mun saba, ba wanda yake kulawa.

Ka tambaya ko kwamfutar ta taɓa yin wani abin mamaki. Ta taɓa. Bara wani dattijo ya zo, Zainulabideen Muhammadu Abubakar. Ina danna bugawa sai allon ya koma shuɗi, fararen lambobi suka cika shi, komai ya tsaya. Muka kashe muka kunna, ta sake. Sau uku. Oga Manga ya ce janareto ne ba ya ba da wuta daidai. Layi ya yi tsawo, sai na taƙaita sunan, ta buga lafiya. Lambobin kam ban rubuta ba, ban san suna da amfani ba.

Akwai wani kuma da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana takardar wani Suhail Muhammadu Bello ta fito, a wurin sakamako an rubuta LO. Ba wani jini mai suna LO. Kunya ta kama ni, na ɗauka ni ce na yi shirme, na yage ta, na sake shigarwa da sauri ba tare da sunan tsakiya ba. Yanzu da na rubuta maka sunan nan ina kallonsa, akwai abin da ke taɓa zuciyata, amma na kasa kama shi.

Dada ta gano. Wata maƙwabciya ta ji a kasuwa ana cewa 'yar Majidaɗi ta ɓata auren ƙawarta. Ba ta yi mini faɗa ba, tambayata kawai ta yi ko na yi. Na ce ban yi ba. Ta ce to shi ke nan. Ni ce ban iya ce wa kaina shi ke nan ba.

Na je gidan su Alisabatu ranar Laraba. Mamarta ta ce ba ta nan, alhali takalmanta suna bakin ƙofa.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hanifa


Majidaɗi, Jalingo
14 ga Afrilu, 1998

Hamma Njidda,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Dada ta ce a gaya maka naman da ka aiko ya iso, ta sa albarka. Ina fata kowa yana lafiya.

Na yi abin da ka ce. Ya yi aiki, kuma ya ƙara jefa ni cikin wani hali. Bari in fara maimaita bayaninka yadda na fahimta, in na karkace ka gyara mini.

Ka ce wanda ya rubuta direban nan ya ware wa suna gurbi ashirin kacal, gurbin sakamako kuma yana manne da shi. Bai sa direban ya ƙirga tsawon suna kafin ya zuba ba. Saboda haka in suna ya wuce ashirin, abin da ya rage sai ya malala cikin gurbin sakamako ya danne abin da ke wurin, kamar an cika kofi ana ci gaba da zubawa. Sunan Alisabatu ya wuce da harafi biyu, su ne ƙarshen TOBIAS. Na Bello ma haka. Na dattijon nan kuwa ya yi tsawon da ya malala har inda kwamfuta take ajiye abin da take tafiyar da kanta da shi, shi ya sa ta suma. Ka ce direba a can ƙuryar kwamfuta yake zaune, inda ba mai tsare shi, duk inda ya rubuta ya rubutu.

Da na karanta wannan sai da na zauna a ƙasa. Sunan mahaifinta, Hamma. Na yi kuka, ban san ko na murna ba ne.

Ranar Alhamis na je asibiti. Dokta bai so ba, amma Oga Manga ya roƙe shi ya ba ni minti goma. Na fara roƙon a fito da tsohuwar takardar. A wurin suna an rubuta ALISABATU MURNA TOBI, a wurin sakamako AS. Na shigar da sunanta cikakke da AA, na buga, AS ya fito a gabansu. Na cire Murna, AA ya fito. Sai na yi gwajin da ka ce, na jera harafi ashirin na ƙara ZZ, takarda ta ce jinin mutumin ZZ ne. Na ƙarshe na sa sunan dattijon, allo ya koma shuɗi.

Oga Manga ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ɗauka magana ta ƙare.

Dokta ya daɗe yana kallon takardun. Sai ya ce, "Wato ke kin san yadda ake sa ta ta faɗi abin da ake so." Na ce yanzu na sani, yayana ne ya rubuto mini. Ya ce, "Ni ina zan san yaushe kika sani?"

A nan na yi wauta. Don in nuna masa girman abin, na karanta masa inda ka ce mugun da ya ƙware zai iya tsara dogon suna na musamman da zai karɓe ragamar kwamfutar gaba ɗaya, ya sa ta goge ko ta canza abin da ya ga dama. Ina gama karantawa na ga fuskarsa ta sauya. Ya tambaye ni aikin me kake yi a Kaduna. Ya ce a kulle ɗakin, zai yi tunani.

Ka gani? Da ban iya bayani ba, an ce na yi kuskure. Yanzu da na iya, an ce na yi da gangan. Ban san wanne ya fi ba. Kuma akwai abin da har yanzu bai shiga kaina ba. Ta yaya kwamfuta za ta nuna gaskiya a allo ta kuma buga ƙarya a takarda, ita ɗaya, a lokaci ɗaya, ba ta ma san ta yi ba? Wanda ya rubuta direban yana wata ƙasa, bai taɓa jin sunan Jalingo ba. Shi za a ce ya ɓata auren, ko ni da ban duba takardar ba kafin in sa a ambulan? Gaskiya ban duba ba. Na yarda da ita.

Ka yi mini addu'a.

Ƙanwarka,
Hanifa


Majidaɗi, Jalingo
27 ga Afrilu, 1998

Hamma Njidda,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka. An yi ruwan farko ranar Juma'a, garin ya ɗan huce.

Ka ce za ka zo, amma kada ka taso tukuna, na koma aiki. Oga Manga ne ya ɗauki takardun gwajin nan ya kai gidan Baba Tobias ba tare da ya gaya mini ba. Washegari Alisabatu ta zo asibiti ita da Job. Ta gaya wa Dokta cewa ranar gwajin na riga na shigar da suna biyu, ita ce ta tsaya a kaina ta ce in goge in sa uku, har na yi mata tsiya cewa sunanta ya fi ta tsawo. Ni na manta da wannan tsiyar. Dokta ya ce in dawo ranar Litinin. Bai ce in yi haƙuri ba, amma ya rubuta wa fastonsu takarda da hannunsa. An sake ɗibar jininta karo na uku, AA. An sa biki a watan Yuni.

A bakin ƙofa ta riƙe hannuna. Ta ce ba ta taɓa yarda cewa an saye ni ba, amma ta kasa kallona, don duk lokacin da ta tuna ranar fuskata take gani. Sai na tambaye ta wane launi za a yi anko.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. A takardarka ta ƙarshe ka ce kada mu ƙara wuce harafi ashirin har a samu gyararren direba. Sai na tsaya ina tunanin na baya. Suna mai ashirin da biyu yakan fito da shirme irin LO, a gani a sake. To mai ashirin da ɗaya fa? Harafi ɗaya ne zai malala, ya danne na farkon sakamako kawai. Kuma ka san yawan sunayenmu da suke ƙarewa da A.

Na roƙi Dokta izini, na bi sunayen da ke cikin kwamfutar tun daga ranar da aka kawo ta, ina ƙirga haruffa da bakin biro. Sun fi dubu ɗaya da ɗari uku. Kwana huɗu na yi, idona har ruwa yake. Na samu uku masu ashirin da ɗaya da suka ƙare da A. Biyu ba abin da ya same su, tunda sakamakonsu da ma da A ya fara. Ta uku yarinya ce 'yar shekara uku daga Sunkani, AISATU ABDULLAHI MUSA. An kawo ta a watan Agustan bara da zazzaɓi da kumburin hannu. Littafin Oga Manga ya ce SS. Na sake bugawa don in gani, AS ya fito.

Wato Dokta ya karanta AS, ya ce ba sikila ba ce, ya ba da maganin zazzaɓi ya sallame su. Wata takwas ke nan.

Na kai masa. Ya karanta a tsaye, sai ya nemi kujera. Ya ce gobe direbansa zai kai ni Sunkani. A katin yarinyar ba a rubuta unguwa ba, sunan uban ne kawai, da cewa mahauci ne. Ban san abin da zan tarar ba, ban kuma san da wace kalma zan fara ba.

Ƙanwarka,
Hanifa


Majidaɗi, Jalingo
4 ga Mayu, 1998

Hamma Njidda,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san kana jiran labari, don haka ba zan ja ba. Yarinyar tana da rai.

Mun sami uban a rumfar mahauta, ya kai mu gida. Aisatu tana kwance a tabarma, idanunta sun yi rawaya, ba ta kai girman shekarunta ba. Uwarta, Umma, ta ce tun bara sau biyar ciwon yana tashi. Sun yi maganin shawara, sun yi na sanyi, sun je wurin mai magani a ƙauye biyu. Wata tsohuwa ta taɓa ce musu wannan ciwon ƙashi ne irin na sikila, amma uban ya ce likita ya gwada ya ce babu.

Umma ta shiga ɗaki ta fito da takardarmu, a naɗe cikin leda, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ba ta karatun boko. Na nuna mata sabuwar da Dokta ya rubuta da hannu, na fara bayani da Hausa, na koma Fulatanci, na ga duk ɗaya ne. Me zan ce? Sunan 'yarki ya yi tsawo da harafi ɗaya? Na dai ce na'urarmu ce ta yi kuskure, mu kuma ba mu duba ba.

Ta riƙe takardun biyu, ɗaya a kowane hannu. Ta ce, "Wancan karon ma ku ne kuka ba ni. Yanzu wacce zan riƙe?"

Na ce kada ta riƙe ko ɗaya, ta zo a sake gwadawa a gabanta. Uban bai so ba da farko, amma direban Dokta ya ja shi gefe suka yi magana, ya yarda. Mun taho da su a motar. SS ne. Dokta ya kwantar da ita kwana uku, an ƙara mata ruwa, an ɗora ta a kan magani, an koya wa Umma abin da za ta riƙa yi in ciwon ya taso. Jiya suka koma, yarinyar tana cin ƙosai a mota. Tsohuwar takardar Umma ta ƙi ba ni, ta ce za ta nuna wa tsohuwar nan da ta ce sikila ce, ta ba ta haƙuri.

Yanzu kowace takarda ta fito sai na gwada ta da littafin Oga Manga kafin ta je wurin Dokta, kuma na manna gargaɗi a jikin allon. Dokta ya aika wa ɗan kasuwan da ya sayar masa da na'urar. Amsar ta zo ranar Asabar. Ya ce kamfanin da ya yi firintar ya daina yin irinta, bai san inda za a samu gyara ba, kuma shi bai taɓa jin ƙorafi ba, alhali ya sayar da irinta a asibitoci a Yola da Gombe da Makurdi.

Wannan layin na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Bai faɗi sunayen asibitocin ba. Na rubuta takarda guda, na kwafe ta sau uku, na yi bayanin yadda za su gwada da harafi ashirin da ZZ, da yadda za su bi sunayen baya. Oga Manga ya sa hannu, Dokta ma ya sa. Ga su nan a cikin ambulan ɗin nan tare da sunan ɗan kasuwan, shagonsa yana nan Kaduna. Don Allah, Hamma, ka je da kanka, kada ka tashi daga shagon sai ya ba ka adireshin. Ka duba bayanin nawa kuma, in akwai inda na rubuta ba daidai ba ka gyara kafin ka aika, don har yau ban tabbata na fahimci abin duka ba.

Dada tana gaishe ka. Ka gaida Adda Hamna, ka shafa mini kan yara.

Ni ce ƙanwarka mai ƙaunarka,
Hanifa Bakari